Hawayen da Kizza Ta Dasa

A wurinmu duk wanda aka haifa bayan tagwaye sunansa Kizza, mace ko namiji, ba a tsayawa neman shawarar kowa. Uwar ta zama Nalongo, tagwayen mata su ne Babirye da Nakato, a buga ganga, a yi rawa, dangi su cika gida har da waɗanda ba a gayyata ba. Wanda ya biyo baya kuwa sai ya tarar an riga an naɗe tabarmi. Haka Kizza ta gidan Nalongo da ke unguwar Kawempe a Kampala ta zo duniya, kuma tun da ta yi wayo abin yake ci mata rai.

Ba wai an ƙi ta ba ne. Ta ci, ta sha, an sa ta makaranta. Amma tagwaye ba a dukansu, ba a yi musu tsawa, don an ce in ransu ya ɓaci sai su ƙona mutum, fatarsa ta yi dabbare-dabbaren fari. To gida mai yara dole a yi ɓarna, kuma dole wani ya sha bulala. Tulu ya fashe, Kizza. Akuya ta shiga gonar maƙwabta, Kizza. In za a sayi riga sai a sayo biyu iri ɗaya kada ɗaya ta yi fushi, Kizza ta zauna jiran ranar da za ta matse su. Akwai ranar da ta shafa toka a damtse ta zo tana sheshsheƙa, wai Babirye ta ƙona ta, ko za a tausaya mata. Nalongo ta duba, ta tofa yawu ta goge tokar, ta ƙara mata da ranƙwashi, ta ce maza ta je ta durƙusa ta ba yayarta haƙuri.

Tagwayen sun zama 'yan mata zazzaɓi ya kwantar da Nakato, bai kuma ɗaga ta ba. Ɗan tagwaye ba ya mutuwa, sai dai a ce ya tashi. Ba a kuka, ba a kururuwa, domin in wanda ya tashi ya ji ana kukansa, dawowa zai yi ya ɗauki ɗan'uwansa. Don haka Nalongo ta binne 'yarta da busasshen ido, ta dawo ta ɗora tukunya. Kizza kuwa, Allah ya yafe mata, a cikin baƙin cikin nan ta ɗan yi wani lissafi a ranta: wuri ya samu kusa da uwa, ƙila yanzu a matso da ita. Ina! Nalongo tattara son da take yi wa biyu ta yi, ta juye wa ɗaya. In Babirye ta yi tari, uwar ba ta cin abinci. Kizza ta ci jarrabawar da ta gagari duk 'yan layinsu, aka ce mata madalla, ta miƙo tsintsiya.

Abin da take so ke nan tun tana yarinya har ta doshi arba'in, kuma ba wani babban abu ba ne: rana ɗaya uwarta ta dube ta irin duban da take yi wa Babirye. In hakan ya gagara, to rana ɗaya Babirye ta faɗo ƙasa a idon uwar, su tsaya kafaɗa ɗaya.

Ta koyi tace hoto a shagon wani mai ɗaukar bidiyon biki. A can ta gano cewa almakashi ya fi kyamara iko. Amarya ta harari uwar miji, sai ta cire hararar ta bar murmushin da ya biyo baya, iyalai biyu su zauna lafiya. Kawun ango ya yi jawabi har shinkafa ta huce, sai ta rage shi ya koma magana uku masu ma'ana, shi kansa in ya gani ya ce ashe haka ya iya magana. Daga nan wani gidan talabijin ya ɗauke ta, aka ba ta ɗan ɗaki marar taga, da allo biyu, da kujerar da ke kuka in an juya. Nalongo ba ta taɓa gane aikin ba. In maƙwabta sun tambaya sai ta ce, "Kizza? Kallon talabijin take yi ana biyanta. Amma Babirye, kun san rumfarta a kasuwar Kalerwe, ko minista sai ya bi layi."

Gaskiya ne, Babirye ta iya girki, kuma wannan ma wani abin haushin ne. Matoke, wato ɗanyar ayabar girki, take turarawa cikin ganyen ayaba, da miyar gyaɗa, da kaza ƙunshe a ganye. Kowa a layin rumfunan ya koma gawayi ko gas, ita ta kafe sai itace, ta ce ɗanɗanon a hayaƙin yake. Ga fara'a, ga baki, ga dariyar da ake ji daga tashar 'yan boda, wato 'yan acaba. Kowace Lahadi takan kai wa uwar ƙunshin abinci, Kizza kuma ta kai sukari da sabulu, a karɓa a ajiye a bayan ƙofa.

A gidan talabijin ɗin akwai gasar girki da ake kira Masiga, wato duwatsun murhu, kuma shirin yana gab da mutuwa. Masu talla sun fara zamewa. Furodusan, wani dogon mutumin Mbarara mai suna Twesigye, ya tara ma'aikata ya ce kowa ya kawo dabara. Wani ya ce a sake fenti, wata ta ce a ƙara fitilu. Kizza tana can ƙarshen tebur tana karkaɗa ƙafa.

"Sebo, in faɗi gaskiya?" in ji ta, don haka ake kiran namiji cikin girmamawa.

"Ke da ma izini kike nema? Faɗi, Nyabo," in ji Twesigye, ya mayar mata da irin girmamawar da ake yi wa mace.

"Mutanen nan da kuke kwasowa daga otal-otal duk fuskarsu ɗaya. Farar riga, doguwar hula, na gode alƙali, na gode alƙali. Ko an kore su murmushi suke yi, don gobe aikinsu yana jiransu. Wa zai bar hirarsa ya zauna kallon mutumin da bai damu ya faɗi ba? Ku nemo mini wadda in miyarta ta kama, layinsu zai yi wata yana yi mata dariya. Ku nemo tsoho mai taurin kai. Ku nemo wanda bai taɓa tsayawa gaban kyamara ba, ku haɗa mai rawar jiki da mai nawa a murhu ɗaya ku ga aiki. Ni ba na ƙera mutum a kwamfuta. Abin da kuka ɗauko shi nake yankawa, kuma itace kuke ɗauko mini."

Aka yi dariya. Twesigye bai yi ba, ya ce, "Sai me kuma?"

"Sai ku sakar mini hannu. Alƙalan nan rabin shiri suna yi mana wa'azin gishiri. Ga kiɗan nan mai daɗi da kuke sa wa wanda zai ci tun ba a faɗa ba, ko yaron goye ya san sakamako kafin talla ta farko. Kuma kuna tsoron shiru. Mutum ya ɗaga murfin tukunya, ku bar shi da shirunsa mana, a nan ne mai kallo yake daina tauna."

Twesigye ya ce zai duba. Sati na zagayowa ya tsaya gaban manyan gidan ya zuba musu maganar Kizza tiryan-tiryan, har da wa'azin gishiri, suka tafa masa. Kizza ta ji labari a bakin mai shayi, ta yi ƙwafa, ta koma ɗakinta. Ta saba da irin wannan tun a gida.

Amma mutumin bai yi ƙasa a gwiwa ba, wannan kam a ba shi. Ya ɗauki mai kyamara ya bi kasuwanni da tashoshi da bayan makarantu, yana ci yana hira, har tumbi ya fara fito masa. Ya samo wani tsoho da ya yi shekaru yana dafa wa 'yan makarantar kwana wake, wanda bai san a dafa wa ƙasa da mutum ɗari ba. Ya samo wata yarinya mai soya gurasar chapati da ba ta iya rufe baki. Ya samo mai dafa abincin makoki, wadda ta ce ita ba a taɓa yaba girkinta ba don masu ci kuka suke yi. Ranar da aka kawo wa Kizza hotunan tantancewa ta zauna tana kallo tana gyaɗa kai, har ta fara jin daɗi. Sai fuska ta gaba ta cika allon, da ɗankwali ja, da wushirya, da dariyar nan.

Kujerar ta yi ƙara. Kizza ta tsayar da hoton ta daɗe tana kallonsa. Duk faɗin Kampala, duk matan da ke hura wuta a cikinta, a ce shawararta ce ta je har Kalerwe ta ɗauko Babirye, ta kawo ta cikin ɗaki ɗaya tak da Kizza ta mallaka a duniya.

Ta tashi ta sami Twesigye, ta sa fuskar mai gaskiya. "Sebo, akwai matsala. Mai jan ɗankwalin nan yayata ce, ciki ɗaya. Kada a ce an yi son kai, gara a cire ta."

"Yayarki? Kai, amma ba ku yi kama ba ko kaɗan! Ita ga fara'a." Ya lura da abin da ya faɗa, ya yi tari. "Ke alƙaliya ce? Ke kike ɗanɗana miya? To ina ruwan mai tace hoto? Matar nan ita ce shirin, Nyabo. In na cire ta gara in rufe shago."

Shirin kuwa ya tashi. Kizza ta yi abin da ta ce za ta yi. Ta datse alƙalai har sai da babban cikinsu ya zo yana ƙorafi wai an mayar da shi kurma. Ta cire kiɗan da ke tona asiri. Ta riƙa nuna hannuwa, yadda tsohon nan ke ɗiban gishiri da tafi biyu sannan ya tuna mutum uku zai ciyar, ya tsaya yana kallon hannunsa. Ta bar shirun mai abincin makoki ranar da alƙali ya ce mata girkinta ya yi daɗi, matar ta rasa inda za ta sa idonta. Kowa ta ba shi abu ɗaya da za a riƙe shi da shi, ba ta jibga wa mai kallo labari goma ba. Kafin wata ya ƙare, Lahadi da yamma 'yan boda sukan ajiye babura su cika shagunan aski, masu talla kuma suka dawo suna washe baki.

Sau ɗaya ta gwada rage Babirye. Ta cire barkwancinta, ta cire inda take taya mai chapati ɗaure ganye, ta bar ta tana wucewa a bayan mutane. Da ta kalli abin daga farko sai ta ga shirin ya kwanta kamar tuwon jiya. Ta zauna tana huci. Hannunta ya ƙi yarda ya saki mummunan aiki, ko don ta huce haushi. Ta mayar da komai, har ta ƙara gyara hasken fuskar. Wato ita da kanta, da gwanintarta, take wanke yayarta tana miƙa wa ƙasa baki ɗaya, kuma ba wanda ya san azabar da ke cikin wannan sai ita.

Nalongo ta sa an fito mata da talabijin tsakar falo, maƙwabta suna zuwa da kujerunsu. In Babirye ta fito sai tsohuwar ta buga cinya. "Kun ga 'yata? Haka take tun tana ƙarama, duk inda ta tsaya sai wurin ya haskaka. Allah ya yi wa dogon mutumin nan albarka da ya gano ta." Wata Lahadi Kizza ta kasa daurewa ta ce, "Maama, ni fa nake haɗa shirin nan. Wannan wurin da kika yi dariya, ni na jera shi haka." Nalongo ba ta ɗauke ido daga allo ba ta ce, "To ki riƙa barin yayarki tana daɗewa mana, kina saurin cire ta. Matsa, kin tare wa Maama Nansamba."

Ana saura mutum huɗu a gasar aka yi hira da kowa a ƙarƙashin bishiyar mangwaro, don a san su sosai kafin ƙarshe. Mai tambayar yarinya ce tashin birni. Ta ce wa Babirye, "Sunanki na tagwaye ne. Ina Nakato?" Babirye ta gyara ɗankwali ta ce, "Ta tashi tun muna 'yan mata." Ta yi ɗan murmushi, idonta ƙamas, ta koma zancen miyar gyaɗa.

Twesigye ya kalli hirar a ɗakin Kizza ya yi tsaki. "Kin ga matsalar yayarki? Dariya, dariya, dariya. Mutane suna sonta amma ba su taɓa jin tausayinta ba. 'Yar'uwarki ta rasu ki faɗa kamar kina ba da labarin farashin tumatir? Makon nan ba shi da zuciya, Nyabo. Duba ko za ki samo mini wani abu." Shi mutumin yammacin ƙasa ne, can Mbarara, bai san komai game da tagwayenmu ba. Kizza ta sani sarai, kuma ba ta ce masa uffan ba.

Ta koma cikin hotunan ranar. An yi ruwa da safe, itacen ya jiƙe, filin girkin ya turnuƙe. Mai kyamara na biyu ya matso da hoto kan fuskar Babirye tana durƙushe gaban murhu, bayanta duk ya dushe ba a gane komai. Ɗankwalin dai shi ne na hirar. Idanun sun yi ja, hawaye biyu suka gangaro, ta sa bayan hannu ta share, ta ɗaga kai sama.

Kizza ta kalli wurin ta sake kallo. Ba za a ce ba ta yi tunani ba, ta yi. Ta hango falon Kawempe, da maƙwabta, da fuskar uwarta lokacin da 'yar lelenta za ta yi abin da ba a yi, a gaban ƙasa duka, ta kira wadda ta tashi da kuka. Ta hango tsohuwar tana juya wa Babirye baya, ko na sati ɗaya ne. Wani daɗi mai ɗaci ya taso mata. Sai ta sa hannu.

Aikin kuwa ya yi kyau, abin takaici. Bayan "ta tashi tun muna 'yan mata" ta cire murmushin. Ta sa hoton ganyen mangwaro yana kaɗawa, sannan ta kawo fuskar. Ta goge tarin tsohon da ke murhun gefe, ta goge ƙarar itace, ta shimfiɗa kukan tsuntsayen wurin hirar a ƙarƙashi. Ba ta sa kiɗa ba, ta bar shiru, irin shirun da ta yi wa Twesigye huɗuba a kai. Da ya gani sai da ya cire tabarau ya goge. "Yaushe ta yi wannan ban gani ba? Kai, Nyabo, hannunki ba na mutane ba ne."

Ranar Lahadi ta yi wanka ta sa rigarta mai kyau, ta hau boda zuwa Kawempe. Ta durƙusa ta gaida uwar, ta ajiye sukari. Babirye tana nan, tunda an riga an ɗauki shirin tun tuni, tana zuba wa maƙwabta shayi suna tsokanarta ta faɗa musu wanda ya ci.

"Mulongo, ko a kunne ki raɗa mini," in ji maƙwabciyarsu Maama Nansamba, don haka ake kiran ɗan tagwaye. "Na rantse ba zan gaya wa kowa ba."

"Ke? Ai gara in hau hasumiyar coci in yi shela, ya fi sirri!"

Aka kwashe da dariya. Kizza ta sami wuri a gefe inda take ganin fuskar uwarta da kyau, ta naɗe hannu.

Rana ta yi sanyi aka fara. Tsoho ya ƙona wake, aka yi masa ihu. Mai chapati ta yi rashin kunya, aka ce Allah ya shirya. Sai ga bishiyar mangwaro, sai ga tambayar, sai ga amsar. Ganye ya kaɗa. Fuskar Babirye ta cika allon, hawayen suka gangaro.

Wata ta ajiye kofinta a hankali. Maama Nansamba ta dafe baki ta ce, "Wayyo, Mulongo, me kika yi?" Ba a jira ƙarshen shiri ba, kowa ya tuna ya bar wani abu a wuta, suka ɗauki kujerunsu suka zare ɗaya bayan ɗaya, ba mai kallon Nalongo. Tsohuwar ta miƙa hannu ta kashe talabijin. Kizza ta ce a ranta yau dai, yau kam.

"Babirye."

"Na'am, Maama." Ta zo ta durƙusa.

"Kuka kika yi mata? A gaban duniya? So kike ta ji ta zo ta ɗauke mini ke?"

Babirye ta juyo ta dubi Kizza. Ta san ba ta yi kuka a ƙarƙashin mangwaro ba, ta kuma san hannun wanda hoton ya bi kafin ya iso falon nan. Kalma ɗaya ta ishe ta ta wanke kanta. Kizza ta shirya ma, ta tanadi amsa, za ta ce umarnin furodusa ne. Amma duban da yayarta ta yi mata babu fushi a ciki, kuma wannan ya fi mari zafi. Babirye ta mayar da kai ga uwar.

"Na yi, Maama. Ba a wurin hirar ba ne, a bakin murhu ne, amma ita nake yi wa. Kuma ba ranar na fara ba." Muryarta ta fara karyewa. "Kina tsammani don ɗanɗano na ƙi gas? Ko gawayi ai yana dafa matoke. Hayaƙin nake so. A cikinsa kaɗai nake iya yi mata kuka ba mai tambayata. Kullum na hura wuta sai na yi, shekara da shekaru, ga ni nan kuma ba ta ɗauke ni ba. Na gaji da ɓoyewa, Maama. Tare muka kwanta a cikinki."

Kizza ta ji kamar an zare mata ƙasa. Ƙaryar da ta zauna ta ƙera da gwaninta, ashe gaskiya ce ta tono.

Can Nalongo ta ce, da wata ƙaramar murya da Kizza ba ta taɓa ji ba, "Ni albasa nake yankawa. Ko miyar ba ta so." Sai ta kama kan Babirye da hannu biyu ta jawo shi ƙirjinta, wani sauti ya fito daga cikin tsohuwar, mai kauri, wanda ya daɗe a danne. Babirye ta rungume ƙugunta. Suka shiga kiran sunan Nakato, suna tuna wa juna yadda take cin gyaɗa tana ɓoye ɓawon a ƙarƙashin tabarma, suna kuka suna dariya suna ƙara ƙanƙame juna. Kizza ba ta taɓa ganin su kusa haka ba, kuma ita ta haɗa su da hannunta.

Ta miƙe tsaye. Ita ma tana da nata kukan, don Nakato ce kaɗai takan rage mata nama a ɓoye in an yi rabo, ita ma kuma an hana ta yi a wancan lokacin. Ta matso taku ɗaya, ta buɗe baki ta ce, "Maama..."

Nalongo ta ɗago jiƙaƙƙiyar fuska ta gan ta, kamar yanzu ta tuna akwai mutum na uku a ɗakin.

"Yauwa, Kizza, Allah ya yi miki albarka. Ɗauki rediyon nan ki fita da shi ƙofar gida, ki ƙure murya, kada maƙwabta su ji mu. In wani ya zo ki ce na kwanta. Ja mana ƙofar."

Kizza ta ɗauki rediyon. Ta fita, ta ja ƙofar, ta zauna a kan dakali ta murɗa shi har ƙarshe. Wasan ƙwallo ake yi, mai sharhi yana ta ihu. Wani ɗan boda da ya san ta ya rage gudu ya ɗaga mata hannu.

"Nyabo Kizza! Mun ga yayarku yau, har matata ta yi hawaye! Ku ce mata duk tasharmu ita muke so!"

"Za ta ji," in ji Kizza.

Ya wuce. Ta gyara wa rediyon zama a cinyarta, ta juya bakinsa wajen titi. Ta bayan ƙofar, duk da ihun mai sharhi, tana jin muryoyin nan biyu suna hawa suna sauka tare, ta zauna tana gadinsu har aka tashi daga wasan, ba wanda ya leƙo ya ce ta shigo.